Barcin Amarya

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da aikin gwajin jinin nan naki da ba ya ƙarewa. Mu nan da sauƙi. Gwiwata tana nan yadda kika bar ta, kunnen kuwa sai abin da ya ƙaru, shi ya sa na ce a daina wahala da waya. In na ɗauka sai na yi ta ɗaga murya maƙwabta su sha labari, Yaya, babanki, kuma yana kwance kunnensa ras, ko allura ta faɗi ya ji. Takarda ta fi min. Direban nan mai zuwa wajenku ya ce zai riƙa kai miki.

To, batun babanki. Tun da ɓarin jikin nan ya shanye ban ga abin da ya shiga ransa kamar dodon koɗin da kika bari ba. Ni dai har gobe ƙyamarsa nake, abu sai yauƙi, fari fat kamar an jiƙa tsumma. Da kika shigo da akwatin gilashin nan na ce a raina yarinya ta yi karatu har ya taɓa mata kai. Yanzu na janye maganata. Kullum da safe sai na zaunar da Yaya a kujerar bakin taga, na sa masa robar feshin a hannun dama, ya yi ta matsawa yana haki har ƙasar akwatin ta jiƙe. Ma'aikaciyar asibiti mai motsa masa gaɓoɓi ta ce ƙwallon da ta ba shi bai yi rabin aikin robar nan ba. Ya raɗa wa dodon koɗin suna ma, na mace. Ran nan ta fito da 'yan ƙahoninta tana hawa gilashi, sai na ji ya ce "Amarya", sarai, ba in'ina. Mutumin da sunana ma sai ya ja shi kamar igiya. Na shiga kicin na yi kukana na fito.

Amma ba zan ɓoye miki ba, ƙafafunsa sun fara kumbura, likita kuma ya ce zuciyar ta gaji. Bai ce yau ko gobe ba, bai kuma ce shekara ba. Ki duba yadda za ki samu hutu ki zo ya gan ki.

Ki rubuto min abin da ake ba Amaryar nan banda kokwamba, kada ta rame a hannuna a ce Gwaggo ce.

Taki,
Gwaggo


Gwaggona,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni a bakin aiki, na karanta a tsaye, na sake karantawa a ɗaki. Ina lafiya, sai gajiya. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, ke kuma ya saka miki. Ki riƙa ɗora gwiwar a kan matashi in kin zauna keken ɗinki.

Na yi dariya da sunan nan. Ki gaya wa Baba dodon koɗi ba mace ba ne ba namiji ba, kowanne duka biyun ne, amma tunda ya ce Amarya, Amarya ce. Ban yi mamakin shaƙuwarsu ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyaran agogo, ido a kan abin da ke tafiya a hankali, ai ya samu daidai shi.

Ga abincinta: latas, kabeji, karas, ɗan kabewa. Ki daka ɓawon ƙwai ya yi laushi ki zuba a gefe, da shi take gina katantanwar da ke bayanta. Ganyen kasuwa yana zuwa da maganin ƙwari, don haka ki wanke shi sosai, kamar yadda kike wanke na Baba. Kada akwatin ya sha rana. Abu ɗaya kuma da ke tsorata masu kiwo: in ta ji bushewa ko sanyi, takan shige ciki ta rufe bakin katantanwar da wata farar fata, ta yi shiru har makonni. Barci ne, ba mutuwa ba. A ci gaba da feshi, za ta tashi da kanta. Ki karanta wa Baba wannan don kada hankalinsa ya tashi.

Batun hutu, abokiyar aikina ta haihu, ni kaɗai ce a ɗakin gwaji. Da zarar ta dawo zan nema. Kumburin ƙafa ai an saba gani ga mai ciwon zuciya, a rage masa gishiri, a ɗaga ƙafar. Ki shafa min kansa.

'Yarki,
Auta


Auta,

Sallama da gaisuwa. Muna nan. Yaya ya kwana biyu ba ya cin kirki, amma yana shan ruwa. Ni kuwa lafiyar jiki ce kawai da ni.

Amarya ta mutu, kuma ni na kashe ta. Kin ce na wanke ganyen kamar na babanki. To ni tun ina yarinya ba na kai ganye bakin mutum sai na jiƙa shi a ruwan gishiri, ya kashe duk wata tsutsa. Haka uwarmu ta koya mana. Na ma ƙara gishirin don kin ce sosai, na yarfe ganyen na sa mata ina jin daɗi na yi abin kirki. Da na dawo daga shanya na tarar tana ta kumfa, ta tattare kamar fatar da ta ji wuta. Na ɗauraye ta, na yi ta feshi, na yi addu'a, ni da nake ƙyamarta. Kafin la'asar ta saki. Sai daga baya maƙwabcinmu mai kanti ya ce min ai gishiri guba ne gare su. Ko da wasa ban taɓa ji ba.

Allah ya sa Yaya yana barci. Na rasa yadda zan dubi idonsa, sai na tuna maganarki ta farar fata. Na wanke katantanwar tas, na cusa auduga, na yanko farin yadi na sa masa sitati, na ɗinke shi daidai bakin, na danna ta cikin ƙasa rabi a waje. Da ya tashi na ce, "Yaya, Amarya ta shiga barcin nan da Auta ta faɗa." Ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya miƙo hannu na ba shi robar. Yanzu kullum yana fesa wa auduga ruwa, ni ina tsaye a bayansa ina kallo.

Ki nemo wata irinta, farar jiki, katantanwa mai ratsin ja-ja, ki kawo da kanki mu musanya kafin ya gane. Ki yi sauri, Auta. Tun da ta daina fitowa ya rage magana, ni kuma ba na son yadda numfashinsa yake yi in ya kwanta.

Ki yafe min.
Gwaggo


Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ina gaida Baba.

Na ɗauki lokaci kafin na iya amsa miki. Amarya tun tana kamar ƙwayar wake take hannuna, a teburin ɗakina ta girma. Na san ba da gangan kika yi ba, kuma ni ce na rubuta "kamar na Baba" ban ambaci gishiri ba, don a wajenmu masu kiwo abu ne da ba a ma faɗa. Duk da haka raina ya ɓaci, ba zan ce miki bai ɓaci ba.

Na shiga nema. Matsalar ita ce farar irin ba a tsintarta a lambu. Na fara da wani dillali a bayan kasuwar tsuntsaye. Ya zazzage min buhu guda a ƙasa, duk kamun daji ne, wasu a fashe, wasu sun mutu suna wari. Ya rantse akwai fara a ciki, ya ɗauko wata da ta yi fari don yunwa. Ko da ta gaske ce ba zan saya ba, na daji suna ɗauke da tsutsa mai shiga jikin mutum, ba zan ajiye ta kusa da gadon Baba ba. Daga nan aka kwatanta min wata malama da ta yi ritaya, tana kiwonsu a baranda cikin robobi, komai tsaf. Tana da farare, amma 'ya'ya ne, ba su kai babban yatsa ba. Amarya kuwa ta cika tafin hannu. Ta ba ni lambar wani mai kiwo a wani gari, ya turo min hotuna. Ɗaya girman ya yi, ratsin ne ya yi duhu. Ɗaya ratsin ya yi, amma akwai tabon tsohon fashewa a gefe.

Kada ki ce na cika tsirfa. Baba mutum ne da ke gane agogon da ya gyara shekaru da suka wuce daga ɗan ƙarce a murfi. In muka sa masa wata daban zai gane, ya san mun haɗa baki mun yaudare shi, wannan kuwa ya fi mutuwar ciwo.

Abokiyar aikina ta dawo, hutu ba matsala ba ne yanzu. Amma ba zan iya shiga ɗakin nan hannu rabbana ba, na same shi yana fesa wa auduga ruwa. Ki ba ni lokaci kaɗan.

Auta


Auta,

Ina gaisuwa. Na ji shiru, direba ya zo ya koma ya sake zuwa ba takarda. Ina fata lafiya.

Mu nan ba lafiya ba. Yaya ya daina iya zama a kujera, sai na jawo akwatin kusa da gado na ɗora a kan teburinsa na gyaran agogo. Likita ya zo gida ya canza magani, ga sunan sabon a bayan takardar nan, da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaye ni ko 'yarsa tana kusa. Kin fi ni sanin abin da likita ke nufi in ya yi wannan tambaya.

Na karanta takardarki har ta fara yagewa a ninki. Kin ce ba za ki iya shiga ɗakin ba. Na gane. Ɗakin da Gwaggo take ciki, wadda ta kashe miki abin da kika rena. To ki ji, in ni ce ba kya son gani, ki faɗi ranar zuwanki na tattara keken ɗinkina na koma gidana, maƙwabciya ta riƙe shi har ki iso. Ni na yi miki wankan jariri ranar da uwarki ta rasu, ban taɓa zaton dodon koɗi zai shiga tsakaninmu ba, amma na ɗauka. Fushinki da ni ne, babanki bai yi miki komai ba.

Gwaggo


Gwaggona,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai dai takardarki ta sa ni kuka a gaban mutane. Haba Gwaggo. Yaushe na ce ba na son ganinki? Hannu rabbana na ce, kunyar Baba nake ji, ba fushi da ke ba. Fushin ya wuce tun ranar da na rubuta shi. Kada ki matsa ko'ina, wa yake da shi in ba ke ba.

Shirun da kika ji tafiya na yi. Mai kiwon nan ya kira ni ya ce wani abokinsa yana da wadda nake nema, na je da kaina don ba a turo su a mota cikin zafin nan, sukan dahu a hanya. Gwaggo, kamar an tsaga kara. Girman, ratsin, har ɗan lanƙwasan bakin. Na riƙo ta a cinyata cikin roba da jiƙaƙƙen tsumma har gida.

Sai dai jijjigar hanya ta firgita ta, muna isowa ta shige ta rufe bakinta. Malamar nan ta ce in na sake ɗaukarta a haka kafin ta tashi ta ci abinci, da wuya ta kai. Ina feshi safe da yamma. Da ta buɗe ta ci ko ganye ɗaya ne, za ki gan mu. Na duba sunan sabon maganin Baba, mai kyau ne, yakan janye ruwan jiki. Ki ce masa Amarya ta kusa tashi.

'Yarki,
Auta


Auta,

Ba doguwar gaisuwa yau, direba yana jira a waje da mota a kunne.

Da safen nan na karanta wa Yaya ƙarshen takardarki, na ce Auta ta ce Amarya ta kusa tashi. Sai ya yi min alama na matso da akwatin. Ya sa hannun daman nan cikin ƙasa, ya tono katantanwar. Na ce, "Yaya, za ka tashe ta." Bai kula ni ba. Ya sa farce ya ɓanɓare yadin, ya jawo audugar, ya ɗaga yadin saitin taga yana duban zaren. Sannan ya dube ni ya ce, "Ɗinkinki."

Na zauna a bakin gado. Na ce tun yaushe ka sani. Ya ce, "Ran." Ranar farko ke nan. Na ce to don me kake ta feshi kana wahalar da kanka. Ya nuna ni da yatsa, ya shafa idonsa, wai kada na yi kuka. Kin ji, ni ina ɓoye masa, shi yana ɓoye min, mu biyu tsofaffi muna ta shayar da auduga.

Na gaya masa komai, da gishirin, da yawon da kike yi gari gari. Ya rufe ido, na ga hawaye yana bin gefen da ya shanye. Ya yi ta kokawa da harshensa, ni kuma na kanga kunnena mai ɗan ji a bakinsa. Abin da ya ce shi ne, "Ta zo. Haka nan."

To kin ji daga bakinsa. Ba dodon koɗi yake jira ba, tun farko ma ni ce na ɗora miki wannan kaya don tsoron kaina. Ki bar sabuwar a can wajenki ko ta tashi ko kada ta tashi. Ki biyo direban nan in zai juyo. Kada ki tsaya haɗa kaya, akwai zannuwana.

Gwaggo


Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, na koma aiki. Ya ƙarin haƙuri. Ina fata kina cin abinci, don na ga yadda kika koma. Maƙwabciya ta yi min alkawarin za ta riƙa leƙo ki.

A gida ban iya yi miki magana ba, mutane sun cika ɗaki, ke kuma sai an ɗaga murya. Na same shi da rai, kowa yana ce min na gode Allah, kuma na gode. Amma ke kin san yadda na same shi. Na riƙe hannunsa, na kira shi, na ce Baba ga Auta, har ya cika bai buɗe ido ba. Ni ma'aikaciyar asibiti ce, na san ma'anar kumburin nan tun takardarki ta farko. Na zaɓi na yi ta auna ratsin katantanwa don ya fi min sauƙi a kan na zo na ga ubana yana tafiya.

Da na buɗe ɗakina na tarar waccan ta tashi, ta cinye ganyen da na bari, tana yawo a gilashi. Na kai wa malamar nan ita. Na ce ta ba wanda zai iya kallonta.

Tambaya ɗaya gare ni, kuma ki gaya min gaskiya ko mai ɗaci ce. Kafin ya rufe idon nan, ya san ina hanya? Ko ya tafi yana ganin na ƙi zuwa? Ba na iya barci da wannan.

'Yarki,
Auta


'Yata,

Wa alaikumus salam. Haƙuri sai ma'abocinsa, muna yi. Ina ci, kada ki damu, gwiwar ma ta ɗan lafa tunda ba ɗaga kowa nake ba yanzu. Ke ma ki ci, ki daina wannan hukunci da kike yi wa kanki. Mu biyu muka yi jinkirin nan, ki bar min rabona.

Kin ce gaskiya, to ga ta. Ranar da za ki iso, da hantsi, ya farka sarai kamar ba shi ba. Na ba shi ruwa a cokali ya sha. Can sai wata mota ta tsaya a ƙofar gida, aka buɗe murfi aka rufe. Ni ban ma ji ba, a fuskarsa na gani, don ya yunƙura zai ɗaga kai. Na leƙa ta taga. Motar masu kawo wa mai kanti kaya ce. Na juyo ya kafe ni da ido, ya ce, "Ita?"

Auta, na ce masa, "Ita ce, Yaya. Tana sallamar direba."

Ya sauke kansa a matashi. Ya ce na gyara masa hula, na gyara. Ya sa hannun daman a kan bargo, tafin a sama, ya rufe ido yana ɗan murmushi da gefen bakin da ke motsi. Daga nan bai sake farkawa ba, a haka kika zo da yamma kika sa hannunki a ciki.

Na yi ta tunani ko ya gane, don babanki ba a yi masa ƙarya ta zauna. Ban sani ba, kuma ba zan ce miki na sani ba. Abin da na gani da idona shi ne ya shirya tarbarki, kuma babu fushi a fuskarsa ko kaɗan. Da ya yi shakka zai buɗe ido ya dubi ƙofa, na tsaya a kansa ina jira. Bai duba ba.

In kin samu hutu ki zo, ba sai da dalili ba.

Taki,
Gwaggo